Motar da Ke Shan Mai a Tsaye

Zuwa ga Kawu Direba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, da fatan ciwon bayan nan ya yi sauƙi. Yaya jikin Inna? Ni lafiyata ƙalau sai dai aiki, mu uku ne kacal masu jinya a ɗaki mai gado ashirin da huɗu, wani lokaci a tsaye nake cin abinci. Tunda ka ce maganar waya iska ce ba ta da shaida, ga takarda na rubuto, na ba direban da ke kai mana kaya ya miƙa maka.

Kawu, raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye maka ba. Yaya ta je duba Inna ranar Asabar, ta kira ni tana kuka. Ta ce a ƙofar gida ta tarar ana ɗora Inna a bayan babur, an ɗaure hannunta da ya shanye da ɗankwali a jikin mai babur ɗin, ƙafarta ta dama tana jan ƙasa. Ita kuwa mota tana tsakar gida ƙarƙashin rumfa, an lulluɓe ta da tamfol kamar mai zazzaɓi.

Ka fi kowa sanin dalilin da ya sa na sayi motar nan kafin in taho. Likita ya ce wata shidan farko bayan shanyewar ɓarin jiki su ne komai. Gashin ƙashi sau uku a mako, in aka yi wasa da shi ƙafar ba za ta dawo ba. Na duba dangi kaf na ce wa zan damƙa wa makulli in ba ɗan baffan Inna ba, mutumin da ya yi rayuwarsa a bayan sitiyari, ga kuma ɗakinsa a jikin ƙofar gidanmu.

Na sa Yaya ta ɗaga tamfol ta karanta mini mita, don ranar da zan tafi na rubuta lambar a bayan katin asibitin Inna. Wata biyu ke nan, kilomita tara kacal ta ƙaru. Amma an ce mini sau uku kana zuwa gidan mai da jarka kana cika tanki. To Kawu, ina man yake zuwa? Mota na saya ko rariya?

Katin kuma ya nuna cikin zuwa ashirin da huɗu, bakwai kawai Inna ta samu, don duk ranar da aka yi ruwa ko jikinta ya ƙi babur sai a fasa. Don Allah ka ba ni amsar da hankali zai ɗauka.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Na amsa gaisuwarki, ko da yake gaisuwar layi uku ce faɗan kuma shafi biyu. Bayana da sauƙi. Innarki tana ci tana sha, shekaranjiya ma ta motsa yatsu biyu.

Wato ni kike tambaya ina mai yake zuwa. Ki fito fili mana, ki ce Kawu na zuƙe fetur da tiyo yana sayarwa a kwalabe. Shekara talatin da huɗu ina ja wa kamfani mota, manya bakwai na ɗauka har suka yi ritaya, ko kaza ban taɓa takewa ba, ko ɗigon mai ba a taɓa nema a hannuna ba. Yau yarinyar da na saɓa a kafaɗa na kai ta allura tana tsala ihu, ita ce ke aiko mini da 'yar bincike.

Tunda ba ki san mota ba, bari in koya miki. Inji kamar jikin mutum ne, in ya kwanta babu motsi sai ya sandare. Kullum da safe ina ɗumama ta minti ashirin, da la'asar ma minti ashirin, in taka totur a hankali in saurari muryarta. Can manki yake tafiya. Kuma ki sani motar da kika saya ba tare da kin shawarce ni ba mashayiya ce. Dillali ya wanke ta ya goge ta tana ƙyalli, ke kuma kika ga ja ce kika ce sai ita.

Birkinta da laushi. Sitiyarin yana ja zuwa hagu. Akwai wata 'yar ƙara a tayar baya da kunnen da bai san aiki ba ba zai ji ba. Na yi wa Mai Sufana bakanike magana, ya ce sai ya samu sarari. Ni dai ba zan sa 'yar'uwata a motar da ban yarda da birkinta ba, ko da za ki rubuto shafi goma. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Maganar babur kuma, ki tambayi Innarki. Ita da bakinta ta ce ta fi son iska, wai mota tana sa ta jiri.

Ki gaya wa yayarki na gode. Ta shigo ta ɗaga tamfol, ta buɗe ƙofa, ta leƙa nan ta leƙa can, ta fita ko ina wuni ba ta ce mini ba. Kuma ta bar ƙofar a sake, fitilar ciki ta wuni a kunne, da ban lura ba da batir ya mutu.

Kawunki,
Direba

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, kai ma ya ba ka sauƙin bayan.

Ban kira ka ɓarawo ba, kai ka sa wa kanka. Amma tunda ka ce ban san mota ba, na ɗauki takardarka na kai wa direban motar asibitinmu, wanda shi ma gashinsa ya yi fari a kan titi. Sai da ya dafa bango don dariya. Ya ce motocin yanzu minti ɗaya ya ishe su ɗumi, sauran a kan hanya suke samu. Ya ce barin inji yana aiki a tsaye ƙona mai ne a banza, filogi ya yi baƙi, kuma motar da ba ta tafiya ita ce tayarta ke lotsewa birkinta ya yi tsatsa. Wato duk abin da kake kira kulawa, kashe ta kake yi a hankali.

Sannan kai ne fa a tsaye a gareji ranar da aka yi mata sabis. An juye baƙin mai, an sa filogi sabo, birki sabo, taya huɗu sabbi dal. Kai ka ƙwanƙwasa tayoyin da ƙafarka ka ce sun yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na kira Mai Sufana. Ya rantse mini tun da na tafi ba ka taɓa nemansa ba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, motar nan ba abin da ke damunta sai zaman banza." Kawu, da furfurarka ka yi mini ƙarya a rubuce, kai da ka ce takarda ce mai shaida?

Kuma kada ka ƙara ce mini Inna na son babur. Matar da ta gwammace ta taka da ƙafa zuwa makarantar da take koyarwa, shekara da shekaru, da ta hau bayan babur? Yanzu da rabin jikinta ba nata ba ne za ta fara sha'awar iska?

Wata uku sun tafi cikin shidan da likita ya ɗiba. Ga maganata ta ƙarshe. Ranar Litinin mai zuwa motar nan ta fita da Inna. In ba ta fita ba zan sa Yaya ta nemo direban haya, ka miƙa masa makulli a ƙofar gida kowa yana gani. In tsufa ne ya kama ka, hannu ya fara rawa, ka faɗa, a ba wanda zai iya. Amma ka daina kiran kanka Direba kana wanke motar da ba ka ja.

Auta

*

Kawu,

Bayan gaisuwa. Yau mako huɗu ke nan ban ga ko layi ɗaya daga gare ka ba. Mai kawo mana kaya ya ce hannu da hannu ya ba ka takardata, ka karɓa ka sa a aljihu ka juya masa baya. Yaya ta koma gidanta yaranta na jarrabawa, Inna kuma in na kira ba na gane rabin maganarta a waya, "lafiya lau" kawai take maimaitawa.

In fushi kake da ni, ka yi ta yi, na ɗauka. Amma ƙafar uwata ba ta yi maka laifi ba. Motar tana fita ko ba ta fita? Kalma ɗaya ta ishe ni.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya. Innarki tana gaishe ki.

Motarki tana fita. Tun Litinin ɗin da kika yanka mini, ba a tsallake rana ɗaya ba. Zuwa goma ke nan. Ina fita da ƙarfe takwas, in ajiye ta a ƙofar ɗakin gashi, in jira a ƙarƙashin bishiya, mu dawo kafin azahar. Na daina ɗumama inji kamar yadda malaminki ya koyar. Tanki ɗaya har yau bai kai rabi ba, ki gaya masa ya ci gari.

Mai gashin ya ce Innarki ta tsaya da ƙafarta tana riƙe da ƙarfe har an ƙirga ashirin.

Ban yi shiru don in hora ki ba. Ba ni da abin cewa ne. Ki turo yayarki ta karanta mita in ba ki yarda ba.

Kawunki,
Direba

*

Zuwa ga Kawu Direba,

Assalamu alaikum, ina gaishe ka da kyau da kyau. Wallahi da na karanta cewa Inna ta tsaya, a bakin gadon wani mara lafiya na zauna na yi kuka, har shi ya koma yana ba ni haƙuri.

Ka gani ko, Kawu? Da ma ba birki ba ne, ba sitiyari ba ne, taurin kai ne irin na gidanku, wanda ni ma na samu rabona. Na san harshena ya yi kaifi a waccan takardar, ka yafe mini. Amma ka yarda da ban ɗaga murya ba da har yau tana ƙarƙashin tamfol. Na faɗa wa abokan aikina, wani lokaci sai an yi faɗa ake samun gyara.

Ka riƙa duba ruwan lagireto da iskar taya. In mita ta ƙara kilomita dubu biyar a kai wa Mai Sufana ya juye baƙin mai. Ba koya maka nake yi ba, tuni ne. Na sayo maka hula da takalmi, suna hannun mai kaya.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Na karɓi hula da takalmi. Ki fara da godiya ga Allah, don Innarki tana raye, ba wanda ya mutu. Yanzu ki zauna ki karanta.

Ranar Laraba muna dawowa daga asibiti, rana ta take, mun zo kwanar kasuwa, wata mata ta tsallako titi da tiren tumatir a ka. Ban gan ta ba. Ba wai na gan ta a makare ba, ban gan ta ba sam. Innarki ce ta gani, ta buɗe baki ta ce in tsaya, harshen ya ƙi. Sai ta kai hannunta mai lafiya ta finciko sitiyari. Muka faɗa lambatu. Matar ta zube a tsakiyar titi tana salati, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Bambar motar ta tafi, fitila ɗaya ta fashe, tayar gaba ta karkace. Gwiwar Innarki ta dama ta bugi ƙarfe ta kumbura, an ce ba gashi sai bayan mako uku.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara biyu ke nan duniya ta koma mini kamar ina kallonta ta gilashin da aka shafa wa sabulu. Yanar ido ce ta rufe mini gani. Na dama ya tafi, na hagu yana bin sa. In rana ta haska gabana ba na bambanta mutum da turken lantarki. Kilomita taran da kika yi ta tambaya, washegarin tafiyarki ne na fita ni kaɗai in gwada kaina. Na hau dakalin wani shago, na dawo rigata sharkaf da gumi, na lulluɓe motar. Kullum ina shiga in kunna ta in zauna in riƙe sitiyari, don shi ne abin da ya rage mini.

Za ki ce to yaya na yi zuwa goma sha biyar. Na san hanyar asibiti da ramukanta, guda goma sha uku ne. Innarki tana zama a gaba kusa da ni tana cewa hagu, tsaya, ga keke, tafi. A giya ta biyu muke zuwa mu dawo, na baya suna ta danna mana oda suna zagi.

Kin ce in tsufa ne in faɗa. To na faɗa. Kin ji daɗi? Kin gaya wa abokan aikinki faɗa ne ya kawo gyara, ki koma ki ƙarasa musu labarin. Ban ce ba ni da laifi ba. Na kusa kashe matar mutane, na kusa kashe 'yar'uwata, don kada a ce na gaza. Wannan nawa ne, ni zan amsa shi gaban Allah. Amma haushinki bai fita daga raina ba, kuma ba zan yi miki wata ƙaryar in ce ya fita ba.

Motar tana garejin Mai Sufana, makulli yana hannunsa. Ki nemo direban hayarki.

Kawunki

*

Auta,

Ni ce Innarki nake magana, yayarki tana rubutawa, kuma na ce mata ko wasali ɗaya ta gyara mini ban yafe ba. Ina gaishe ki. Gwiwa ta fara saɓewa. Ina cin abinci.

Yayarki ta ce kin kira kina ihu, wai yaya za a yi makaho ya ɗauki uwarki a mota, wai kin fasa masa magana har abada. To ki juyo da ihun nan wajena, don ni na sani tun kafin ki sayi motar. Tun ranar da na ga yana zuba shayi a gefen kofi na sani. Ranar da kika miƙa masa makulli ma hannunsa ya wuce ta gefe, sai da ya laluba ya kama. Ke mai jinya, wadda kike duba idon mutane ashirin da huɗu kullum, kina tsaye a gabansa kina kallon agogo kada motar haya ta tafi ta bar ki.

Ni na ce ina son babur. Ƙarya na yi, na tsane shi, duk hawan da na yi addu'a nake har mu isa. Amma mutumin nan tare muka tashi a tsakar gida ɗaya. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi nisa, kamfani ya sallame shi da agogon bango. Duk unguwar nan ba wanda ya san sunansa na yanka, Direba suke ce masa har yara. In kin cire wannan me kika bar masa? Na ga zan iya rufa masa asiri da ƙafata, na rufa. Ban yi daidai ba, shi ma bai yi daidai ba, da mun kashe matar nan da ba mu da bakin magana. Amma ba shi kaɗai ya yi ba.

Jiya likita ya duba ni. Ya ce watannin da aka yi wasa da su sun tafi da rabonsu. Zan tashi, zan yi tafiya da sanda, amma ƙafar jan ta zan riƙa yi har in koma ga Allah. Na yi kuka, na share. Ni na zaɓa, kada in ji kin ɗora wa wani.

Yayarki ta samo direba, zai fara in an gama gyara. Fitarsa ta farko ba ni zai kai ba, Kawunku zai kai wajen likitan ido, ko yana so ko ba ya so.

Saura abu ɗaya da ba ki tambayi kanki ba, ke mai yawan tambaya. Rubutu yana iya yi, ya kafa hancinsa a takarda ya ja layi da ƙyar. Amma 'yan ƙananan haruffan nan naki ba ya ganinsu. Duk takardar da kika aiko, ɗakina yake kawo ta ya zauna a bakin ƙofa, ni nake karanta masa da bakin nan nawa da ya karkace. Da na zo inda kika ce ya daina kiran kansa Direba, sai na tsaya, na ce takarda ta ƙare. Ya ce, "Karanta, 'yar'uwa, na ji ba ki juya shafi ba." Na karanta masa. Ya ce in sake. Na sake. Ya tashi ya je ya yaye tamfol.

Yau kwana tara tun hatsarin, bai fito daga ɗakinsa ba sai salla. Ki rubuto masa, umarni nake ba ki. Kuma ki tuna ni ce zan karanta, don haka ki zaɓi abin da za ki sa a bakina.

Innarki